Tunkiyar Madam Kolet

Na sauka Paris da kwat ɗin aro, da jaka guda, da ƙunshin kilishin Tasawa wanda kawuna ya ce in miƙa wa duk wanda zai ba ni masauki. Sunana Lawali, mutumin Isawan ne ni, can arewacin Mayahi. Shekarar ce ta farin da ya share mana garke, har babana, mutumin da a da ake aron san noma a wurinsa, ya koma bin layin rabon jar dawa. Soja ke mulki a lokacin, kuma su suka zaɓe ni in je Faransa in koyo gyaran famfon rijiya, don na ɗan yi lakwal, wato boko, kuma hannuna ya saba da ƙarfe. Kaftin ɗin da ke riƙe da Mayahi bai ɓoye mini komai ba. Ya ce in na dawo da takardar gama sitaj, wato horon da aka tura ni, aiki da albashi suna jirana, in kuwa na dawo hannu rabbana, kada ya ga ƙafata a bakin buro, wato ofishinsa. Gidanmu kaf, da tsofaffi da ƙannena, wannan takarda suka zuba wa ido.

Wanda ya fara cutata a can, baƙar fata ne irina. A tashar jirgin ƙasa ya same ni ina ta waige-waige, ya kira ni ɗan'uwa, ya nuna mini inda ake yankar tikiti, har na ji hawaye na neman zubo mini don daɗi. Da na ce zan shiga in yi alwala, sai ya ce in kawo kwat ya riƙe mini kada ya jiƙe. Na fito ba kwat ba ɗan'uwa. Haka na shiga jirgi da 'yar riga ta atamfa, haƙorana na kaɗawa tun daga Paris har kudancin ƙasar. Baƙo makaho ne ko da idonsa, na yarda da wannan tun ranar farko.

Makarantar tana wani ƙaramin gari ne mai duwatsu, kuma ba ta da ɗakunan kwana. Kowane ɗalibi daga Afirka an haɗa shi da gidan da zai riƙe shi. Direktan ya gaya mana a fili cewa duk wanda masu gida suka kora, to ya kori kansa daga sitaj, don ba su da inda za su kai shi. Ni rabona ya faɗa gidan Madam Kolet, wata doguwar mace siririya mai furfura, wadda ko murmushi za ta yi sai ka ga kamar ciwon haƙori ke damunta. Mijinta Rene tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ba shi da ta cewa a gidan. Sai ta uku, wadda ta fi Rene daraja nesa ba kusa ba: wata tunkiya fara sol mai suna Margarit, mai ƙiba har tana tafiya da ƙyar. Tunkiyar nan tana shiga kicin yadda ta ga dama, tana da bargonta, tana da kwanonta.

Da na ajiye jaka na gaishe su, sai na kwance ƙunshi na miƙa wa Madam da hannu biyu. Ta tambayi mene ne. Na gyara tsayuwa na shiga bayani, yadda ake fere naman sa falle-falle, a shanya, a tsoma cikin labu da yaji, a gasa. Ina cikin magana na ga fuskarta ta canja. Ta ɗauko wani ɗan maƙatan ƙarfe ta kama ƙunshin da shi, ta fita waje ta jefa a kwandon shara, ta dawo ta wanke hannu. Daga nan ta zaunar da ni ta karanta mini dokar gida. Ba nama, ba kifi, ba kitse, ba wani abu da aka zubar da jini kafin a same shi. Ta ce shekaru ke nan da suka daina cin gawa, kuma ni ma zan gode mata wata rana. Gawa ta kira shi, kilishin da kawuna ya hana 'ya'yansa ya ba ni.

Ban gama haɗiye wannan ba ta ce in buɗe jaka. Ta ɗauko sabuluna ta shinshina, ta ce da kitsen dabba aka yi shi. Ta ɗauko man shafawar da na saya a kasuwar Maraɗi ta karanta bayan kwalbar, ta ce masu yin sa suna ɗura wa zomaye shi a ido don gwaji, har su makance. Ɗan gwangwanin man shanun da nake shafawa a kaushi ma bai tsira ba, wai an raba maraƙi da nonon uwarsa kafin a samu. Takalmina na fata ta ce ya tsaya a garaji. A madadinsu ta ba ni wani koren sabulu mai kama da tubali, wanda za ka goga har hannunka ya gaji bai yi kumfa ba, da wani mai na 'ya'yan itace mai warin ciyawa, da takalmin zane. Na ce na gode. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abinci kuwa sai dai a yi shiru. Ganye ɗanye kamar na akuya, da shinkafa da dusarta, da wani wake ƙanana da ake dafawa ba mai ba maggi. Akwai kuma wani farin abu na waken suya, irin wanda yanzu 'yan mata ke soyawa a bakin hanya suna kira awara, amma nata ba suya ba yaji, sai ka ce kana tauna soso. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ganyen da mutanenmu ke ci a gida don dole, suna kuka, shi ake jera mini a faranti mai zanen fure ana jira in yaba. Fatata ta yi fari fat, dugadugaina suka tsage, wandona ya fara zamewa. In na zauna cin abinci Margarit takan zo ta ɗora haɓarta a cinyata, ni kuwa in dubi wuyanta in kau da kai, ina neman tsari daga abin da zuciyata ke raya mini.

Madam tana da ƙungiya ta masu kare dabbobi, kuma gidanta suke taruwa ranar Lahadi. Ni ne abin kallo. Wata rana aka nuna ƙasarmu a tele, shanu a zube bakin rijiya, ungulaye a kansu, mata da yara a tsugune gefe da ƙwarya. Ɗakin ya cika da sheshsheƙa. Na ce a raina ashe mutanen nan suna da imani. Sai na ji Madam tana cewa a dubi idon saniyar can, me ta yi wa ɗan Adam da zai tara ta da yawa har ta rasa ciyawa. Matar da ke tsugune kusa da saniyar ba wanda ya ambace ta, alhali kamanninta ɗaya da gwaggona. Wani mai gemu ya juyo ya tambaye ni ko gaskiya ne a wurinmu da ranta ake yanka dabba.

Na ce, "To a mace za a yanka ta?"

Ba wanda ya yi dariya. Bayan sun watse Madam ta ce na kunyata ta gaban baƙinta, kuma in riƙa tuna a gidan wa nake.

A makaranta ne kawai nake numfashi. Aikin famfo ya shiga kaina, kuma akwai wani tsoho ɗan Aljeriya mai kula da ɗakin kayan aiki, Ammi Sliman. Shi ya lura da yadda nake ramewa. Wata Juma'a ya ja ni bayan ɗakin ya buɗe kwano, miyar rago da zafinta, da ƙashi mai ɓargo. Na ci ina hawaye, ban ji kunyarsa ba. Na wanke baki da hannu da koren sabulun nan har sau ba adadi, amma ina shiga gida Madam ta ɗaga hanci. Ta ce tana jin warin mutuwa a jikina, kuma in ya sake faruwa za ta je wurin direkta da kanta. Tun daga ranar in Ammi Sliman ya ɗaga mini kwano daga nesa sai in girgiza kai in wuce, shi kuma ya tofar da yawu ya ce Allah ya isa tsakaninsa da matar da bai taɓa gani ba.

Rene ma yana da nasa sirrin. Na shiga garaji wata rana in duba takalmina, na same shi a bayan mota yana yankar wani jan abu da wuƙar aljihu yana turawa a baki da sauri. Ya tsorata, sannan ya miƙo mini yanki yana kashe ido. Na tambaya, ya ce alade ne. Na ce Allah ya sawwaƙe. Ga nama a gida ɗaya da ni, na farko an hana ni, na biyu Allah ya hana ni. Muka tsaya muna kallon juna, ni da shi, kamar fursunoni biyu da ba sa jin yaren juna.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, matar nan ta yi mini abu guda. Da sanyi ya kankama zazzaɓi ya kayar da ni, ƙirjina kamar ana sukar sa da allura. Ita ta kira likita, ita ta riƙa ba ni romon ganye da cokali, tana goge mini goshi. Da na tashi ta miƙo mini rigar sanyi mai kauri da ta saƙa da hannunta, ta ce gashin Margarit ne na bara. A nan ne ma ta gaya mini cewa kusa da mahauta ta tashi, kuma kukan dabbobin da take ji tana yarinya bai taɓa barin kunnenta ba. Rigar ta yi mini daidai, ta kuma yi mini nauyi a zuciya, don a gidanmu ba a cin alherin mutum a share baki. Na shiga neman hanyar da zan rama, ni da ba ni da ko allura.

Hanyar ta zo wata Asabar da hantsi. Madam da 'yan ƙungiyarta sun tafi babban gari zanga-zanga a ƙofar wani kamfanin man shafawa, sun ja Rene ya tuƙa su. Ina ɗaki ina bitar zanen famfo na ji haushi da wani irin kuka daga lambu. Na fito na tarar da wani ƙaton kare, ban san na wa ba ne, ya tsallako shinge ya kayar da Margarit. Na kore shi da shebur, amma ya riga ya gama aiki. Ya farke mata ciki, hanji a waje, tana shure-shure, idonta ya fara juyewa. Na ruga gidan maƙwabta na buga ƙofa, wata tsohuwa ta ɗaga labule ta gan ni ta sake shi. Na buga gida na biyu, ko labulen ba a ɗaga ba.

A wurinmu, in ka tarar da dabbar maƙwabcinka tana gargarar mutuwa kuma mai ita ba ya nan, ba ka jira. Wuƙa kake nema ka yanka ta kafin rai ya fita, don kada ta zama mushe ya yi asara biyu. In ya dawo godiya zai yi maka, ya aiko maka da kaso, kuma wanda ya gani ya wuce shi ake zagi a gari. Na ga babana ya yi wa mutane haka, na ga an yi masa. Ban tsaya tunanin komai ba. Gidan ba wuƙar nama, sai na ɗauko ta yankan albasa na wasa a dutsen bakin ƙofa. Na juya ta gabas, na dafa kanta, na ambaci sunan Allah, na yanka. Nan take ta huta.

Da a nan na tsaya, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma ɗan makiyayi ba ya barin yanka a kwance ya lalace. Na rataye ta a itacen lambu na feɗe ta tsaf, ban huda fatar ba sai inda kare ya yaga. Na yanke wurin da bakinsa ya taɓa na zubar. Na raba cinya da cinya, ƙirji da haƙarƙari, na jera a babban teburin lambu na rufe da zane saboda ƙuda. Kitse kuwa, ban taɓa ganin irinsa a jikin tunkiya ba, fari tas har yana sheƙi. Na shimfiɗa fatar na barbaɗa gishiri. Na san Madam ba za ta ci ba, amma na ce ga maƙwabta, ga masu buƙata, ga Ammi Sliman da iyalinsa, ladan sadaka duk nata. Ko tsoka ɗaya ban taɓa ba, Allah shaida ne, ga yunwar watanni a cikina. Na wanke jini, na saka rigar da ta saƙa mini, na zauna ina jiran godiya.

Ihun da ta yi da ta ɗaga zanen, har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Ta zube a ciyawa ta rungume kan tunkiyar. Na matso ina bayani, kare, hanji, maƙwabta, al'adarmu. Ta ɗago ta dube ni kamar ta ga dodo. Ta kira ni mahauci, ta kira ni ɗan daji, ta ce ta san tun ranar farko ina kallon Margarit da idon yunwa. Wannan ta ƙarshen ta fi yi mini ciwo, don akwai gaskiya a ciki. Ta ce da na bar ta, likitan dabbobi zai zo ya yi mata allura ta tafi cikin barci. Na ce wato ta zama mushe ke nan. Ta ce in tattara kayana, ran Litinin za ta ga direkta da jandarma.

Sitaj saura kaɗan ya ƙare. Na tsaya a lambun nan, a zuci na ga kaftin ɗin Mayahi, na ga babana a layin dawa. Rene ne ya cece ni, mutumin da ban taɓa jin ya haɗa magana biyu a gabanta ba. Ya nuna mata sawun karen da gashin da ya maƙale a shinge, ya yi ta magana ƙasa-ƙasa har rana ta yi sanyi. Daga baya ya zo ya same ni, bai iya duban idona ba, ya gaya mini sharaɗinta. Zan zauna in gama, amma ni zan haƙa wa Margarit kabari, ni zan mayar da ita yadda take, ni zan binne ta, kuma in roƙe ta gafara a gaban Madam.

Na ce masa, "Nama ne fa, Rene. Halal ne, ba abin da ya same shi. A bar ni in kai wa masu ci."

Ya ce, "Takardarka kake so ko naman?"

Na haƙa. Ƙasar wurin duwatsu ce, sai da tafin hannuna ya fashe. Na kakkaɓe gishirin, na mayar da cinyoyi da haƙarƙari da hanta cikin fata, na ɗora kai a mazauninsa. Madam ta fito da sabon zanen gado fari ƙal ta ce in naɗe ta a ciki. A shekarar nan, a ƙauyukanmu, an binne mutane da tsumman da suka mutu a ciki don ba likkafani. Na naɗe tunkiya, na sauke ta a rami da hannuna, ƙamshin kitse na dukan hancina. Madam ta jefa furanni ta ce saura roƙon gafara. Na durƙusa na yi magana da Hausa, kuma gafara na roƙa da gaske, amma wurin Ubangijin da ya ba da abincin da nake turbuɗewa. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani matar nan a wannan lokaci ba, kuma ban taɓa raina kaina kamar haka ba.

Daga ranar ba ta sake yi mini magana ba. Farantina a bakin ƙofar ɗaki nake samunsa, kamar na mai cutar da ake gudu. 'Yan ƙungiyarta in sun zo sai su je kabarin su tsaya, in na gifta su yi tsit. Labari ya kai makaranta, 'yan ajinmu Turawa suka riƙa yi mini kukan tunkiya in na shigo. Ammi Sliman da ya ji an binne naman, sai ya zauna a kan akwatin kayan aiki ya riƙe kai. Na daure na gama. Ranar da direkta ya miƙo mini takarda na soke ta cikin riga, na ɗauki jakata da takalmina na fata daga garaji. Rene kaɗai ya raka ni tasha.

Daga Yamai zuwa Maraɗi zuwa Tasawa, ƙasusuwan shanu ne a gefen hanya kamar an shuka su. A Mayahi kaftin ya duba takardar ya ce in fara aiki farkon wata, bai ko ce in zauna ba. Na hau bayan kamiyon rabon abinci zuwa Isawan. Garin ya ragu, gidaje da yawa an toshe ƙofarsu da ƙaya. Na sami innata a tsakar gida tana tsame anza daga ruwan da ta jiƙa ta, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da ba a ci sai yunwa ta kai yunwa. Ta tsufa ƙwarai. Ta kama hannuna ta shafa, ta taɓa ƙashin wuyana, ta dubi yadda wando ke yawo a ƙuguna.

Ta ce, "Wayyo ɗana. Ashe hwarin ga hal can ya kai? Su ma dabbobinsu sun ƙare?"

Na ce, "Ba su ƙare ba, Inna."

Ba ta ma saurare ni ba. Ta zuba anzar a ƙwarya, ta haɗa kasonta da nawa ta turo gabana, ta ce ita ta ci ɗazu, alhali na san ba ta ci ba. Sannan ta ɗaga hannuwanta sama, siraran nan kamar kara.

Ta ce, "Matar da ta riƙe min kai cikin wanga hali, ta raba ɗan abin da gare ta da kai, Allah shi saka mata da alheri. Allah shi ƙara mata dabbobi."

Ta tsaya da hannu a sama tana jiran in amsa, ƙannena ma suna jira. Na dubi ƙwaryar da ke gabana. Uwa ce ta roƙa, ba a barin addu'arta a rataye. Na ce amin.